Wanzami a Cikin Waya: Mas'alar Biyan Kuɗin Kwalliya Tun Gaba a Ƙasar Indiya

Ku sani, ya ku masu karatu, a manyan biranen ƙasar Indiya, kamar su Delhi da Mumbai da Bangalor da Haidarabad, wata al'ada ta shigo wadda kakannin mutanen ƙasar ba su san ta ba. Mace tana zaune a ɗakinta, sai ta ɗauki wayarta, ta buɗe wata manhaja, ta zaɓi irin gyaran da ta ke so, ko na fuska, ko na gashi, ko halawa, ta ambaci rana da sa'a. Idan lokacin ya yi, sai ga mai gyaran jiki a bakin ƙofa, ta goyo jakar kayan aikinta. A yi aiki, a biya ta waya, a rabu. Maza kuma haka a ke aiko musu da mai aski har gida.

Bayan an yi haka sau ɗaya ko sau biyu, sai manhajar ta kawo tayi. Ta ce wa matar, ki biya wani abu tun yanzu, na wata shida ko na shekara guda, ki zama mamba, a riƙa yi miki rangwame duk sa'ad da kika kira. Waɗansu gidajen kwalliya kuwa sukan sayar da zama goma ko goma sha biyu a dunƙule, a karɓi kuɗin duka tun ranar farko. To, a nan mas'ala ta ke. Shin wannan ciniki ya dace da irin fatar mutanen Indiya da irin gashinsu? Wa zai ci riba, wa zai yi asara? Tun da ya ke kayan kwalliyar Indiya sun cika kasuwanninmu, tun daga lalle har man gashi, kuma fatake suna kai da kawowa tsakanin nan da can, ya kamata a warware zancen daki-daki.

Fasali na Farko: Asalin Al'amarin

Biyan wanzami a dunƙule tsohon abu ne a Indiya. A ƙauyukan arewacin ƙasar akwai zuriyar da a ke kira Nai, Musulminsu kuwa a kan ce musu Hajjam, sana'arsu ta gado aski. Kowane gida da wanzaminsa. Yana yi wa mazan gidan aski shekara duka, matarsa tana yi wa matan gidan gyaran kai da yankan farce, ita ke shirya amarya. Ba a biyansu ranar aiki, sai da kaka a auna musu hatsi, ranar biki kuma a ba su tufa da kuɗi. Sunan wannan tsari jajmani. Wani Ba'amurke mai suna William Wiser ya zauna a wani ƙauye na arewacin ƙasar, ya rubuta littafi a kansa a shekarar 1936. Duk wanda ya san matsayin wanzamin gida a ƙasar Hausa, wanda ya gaji gidan daga ubansa, ya ke askin suna, ba ya bukatar dogon bayani.

Da birane suka bunƙasa, sai sana'ar ta koma shago. A 1952 kamfanin Tata ya kafa Lakmé domin matan ƙasar su daina dogara da kayan shafa na Turai. A 1971 wata mata mai suna Shahnaz Husain ta buɗe wurin gyaran jiki da itatuwa a gidanta a Delhi, har sunanta ya zaga duniya. A watan Nuwamba na 2014 samari uku, Abhiraj Bhal da Varun Khaitan da Raghav Chandra, suka kafa UrbanClap, wanda aka sake wa suna Urban Company a 2020, hedkwatarsa tana Gurugram kusa da Delhi. A 2016 abubuwa biyu suka share wa wannan sana'a hanya: kamfanin Jio ya karya farashin intanet, aka kuma buɗe hanyar biyan kuɗi ta waya da a ke kira UPI. Da annobar korona ta sa aka rufe shaguna a 2020, mutane da yawa suka saba da a zo musu gida.

Amma akwai bambanci babba tsakanin tsohon tsari da sabo. Wanzamin gado ya san kan da ya ke askewa tun yana jariri, ya san inda ƙurji ya ke fitowa, ya san abin da fatar gidan ba ta so. Ita manhaja dillali ce kawai. Tana haɗa mai bukata da mai sana'a, ta yanki la'adarta. Wadda ta zo yau, mai yiwuwa ne wata dabam ce za ta zo wata mai zuwa, sai fa in an nemi ta farkon da suna kuma aka same ta ba ta da wani aiki.

Fasali na Biyu: Halin Fatar Mutanen Indiya

Wani likitan fata na Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fara tsara ma'aunin fata a 1975, aka kai shi hawa shida, daga fara fat wadda rana ke ƙonawa nan da nan, zuwa baƙa wuluk. Galibin mutanen Indiya suna hawa na huɗu da na biyar, watau wankan tarwaɗa zuwa duhu-duhu, ko da ya ke tsakanin mutumin Kashmir da mutumin Tamil Nadu akwai rata mai yawa.

Irin wannan fata tana da yalwar sinadarin launi da a ke kira melanin. Wannan baiwa ce, domin yana kare ta daga ƙunar rana. Amma yana da wani hali: duk inda fata ta ji ciwo, ko ta ƙuna, ko ta kumbura, sai ƙwayoyin launi su taso su zuba a wurin. Bature in ya yi ƙurji, wurin ya yi ja ya wuce. Ba'indiya in ta yi ƙurji, ko aka goge mata fuska da ƙarfi, ko halawa mai zafi ta taɓa ta, sai wurin ya bar baƙin tabo wanda kan yi watanni bai gushe ba. Har wa yau akwai duhun da kan sauka a kumatu da goshi, musamman ga masu ciki, wanda likitoci ke kira melasma. Zafi da rana da guga duk suna ƙara shi.

Daga nan mai hankali zai gane inda haɗarin biyan gaba ya ke. Wadda ta biya kuɗin zama goma sha biyu, ranta ba zai so ko ɗaya ya tafi banza ba. Manhajar kuma tana ta aiko mata da tuni, cewa kwanakinki sun kusa ƙarewa. Sai ta kira a yi mata gugar fuska da bilicin alhali fatar ba ta huta daga na baya ba, ga shi kuwa fatar saman jiki tana bukatar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Ta haka garin neman gira a kan rasa ido. Gyaran gira da zare, wanda matan Indiya suka gwanance da shi, da yankan farce, da tausa, waɗannan ba su da wata illa mai yawa in an yi su da tsabta. Amma ɓare fuska da ruwan sinadari mai ƙarfi, da aikin hasken leza, da maganin melasma, aikin likitan fata ne, ba a miƙa su ga wadda ba a san iyakar karatunta ba.

Fasali na Uku: Fitinar Neman Fari

Ba a iya zancen kwalliya a Indiya a tsallake son farar fata. Man Fair & Lovely ya fito a 1975, ya yi shekara 45 yana cin kasuwa da wannan suna, sai a 2020, bayan suka ta yi yawa, aka mayar da shi Glow & Lovely. Sunan ya canza, amma kwaɗayin yana nan, kuma jerin ayyukan da manhajoji da shaguna ke tallatawa cike ya ke da alkawarin haske da cire duhun rana.

Abin tsoro shi ne abin da ke cikin kwalbar da ba ta da suna. A 2014 wata cibiyar bincike ta Delhi, Centre for Science and Environment, ta auna mayukan haske iri 32, ta sami zaiba a cikin 14. Zaiba tana hana fata yin launi, shi ya sa a ke zuba ta, amma tana ratsa fata ta shiga jini ta sauka a ƙoda. A 2024 waɗansu likitoci na garin Kottakkal a jihar Kerala suka wallafa labarin marasa lafiya 22 masu wani ciwon ƙoda. Daga cikinsu 15 nau'in ciwonsu ɗaya ne, 13 daga cikin 15 ɗin kuwa sun amsa cewa suna shafa man haske kafin ciwon ya kama su.

Na biyun zaiba shi ne maganin kumburi mai ƙarfi da a ke kira sitiroyid, irin su betamethasone da clobetasol. Yana sa fuska ta yi haske cikin 'yan kwanaki, sa'an nan fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuskar mace, in ta daina kuma fuskar ta yi ja ta riƙa zafi. Ƙungiyar likitocin fata ta Indiya ta daɗe tana kuka a kan wannan, har a 2018 gwamnati ta sa irin waɗannan mayuka guda 14 cikin jerin magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita.

A nan, gaskiya, manhaja mai tsari tana da wani fifiko a kan ƙaramin shagon lungu. Waɗansu kamfanonin suna aiko da kayan shafa a ƙunshe, kowane ƙunshi na mutum ɗaya, da sunan masana'anta da ranar lalacewa a jiki. Amma wannan fifiko ba ya amfanar kowa sai wadda ta duba. Ka'ida ita ce, a buɗe ƙunshin a gaban idonta, ta karanta abin da aka rubuta. Duk man da aka ɗebo daga gwangwani marar suna, aka ce haɗin gida ne mai saurin aiki, to, kada ya taɓa fuskarta ko da kyauta ne.

Fasali na Huɗu: Zancen Gashi

Gashin mutanen Indiya galibi baƙi ne, mai kauri, wani miƙaƙƙe, wani mai lanƙwasa, a kudu kuma a kan sami mai nannaɗe. Tun zamanin da suna kiwonsa da man kwakwa, da 'ya'yan itacen amla, suna wanke shi da shikakai da ritha. Tausar kai da mai suna kiranta champi, daga wannan tushe ne kalmar shamfu ta fito. Wani mutumin Patna, Sake Dean Mahomed, shi ya buɗe gidan wanka da tausa a garin Brighton na Ingila a farkon ƙarni na 19, ya koya wa Turawa abin.

Abokan gāban wannan gashi uku ne. Na farko ruwa mai zartsi, wanda ya yi yawa a rijiyoyin burtsatse na birane da dama; yana hana sabulu kumfa, ya bar gashi da kaushi. Na biyu damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da laima da gumi ke kawo amosanin ka da ƙaiƙayi. Ƙwayar da ke haddasa amosani kuwa da maiƙo ta ke rayuwa, saboda haka yawan labta mai ga mai amosani ƙara wa wuta itace ne. Na uku ƙura da hayaƙi, irin wanda kan rufe Delhi a watan Nuwamba. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da zaman gyaran gashi na wata-wata ke kawarwa. Wadda gashinta ke zuba saboda ƙarancin jini, ko bayan haihuwa, ko ciwon maƙoshi, gwajin jini ta ke bukata.

Sa'an nan akwai ayyuka biyu da ya wajaba a yi hattara da su. Ɗaya shi ne miƙar da gashi da abin da a ke kira keratin. Da yawa daga cikin ruwan da a ke wannan aiki da shi, in aka bi shi da ƙarfe mai zafi, yana fitar da tururin formaldehyde, wanda shi ne tushen famalin da a ke adana gawa da shi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004. In a babban shago mai iska abin yana da haɗari, ina ga ƙuntataccen ɗaki a bene, tagogi a rufe, yara suna wasa a gefe? Wannan aiki bai dace da cikin gida ba sam.

Ɗayan kuma rini ne. Lalle na gaskiya ganye ne, launinsa ja-ja, kuma garin Sojat na jihar Rajasthan ya yi suna da nomansa, har a 2021 aka yi wa lallen Sojat rajistar asali ta hukuma. Amma abin da a ke kira baƙin lalle, da yawancin rinin gashi mai duhu, suna ɗauke da sinadarin PPD. Wanda jininsa bai karɓe shi ba, kai da fuska kan kumbura, fata ta yi bororo, kuma wanda ya kamu sau ɗaya ya kamu ke nan har abada. Matan ƙasar Hausa masu ƙunshi da dayis sun san wannan labari. Maganinsa shi ne a ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, a jira sa'a 48. To, ma'aikaciyar da manhaja ta yanka wa minti sittin, wani aikin yana jiranta a wata unguwa, yaushe za ta jira kwana biyu? Sai mai gashin ta yi wa kanta gwajin tun kafin ranar.

Fasali na Biyar: Lissafi da Sharuɗɗa

Yanzu ga rabon fatake. A ƙaddara, bisa misali, an ce kuɗin zama mamba rupi 600 ne na wata shida, rangwame kuwa 10 cikin 100. Sai mace ta kashe rupi 6,000 cikin wata shidan kafin ta mayar da 600 ɗinta, riba ba ta fara ba sai bayan nan. Idan abin da ta saba kashewa 500 ne a wata, watau 3,000, rangwamenta 300 ne, ta yi asarar 300. Idan kuwa ta ƙara yawan kira domin ta cike gurbin, to, kamfani ya sami abin da ya ke nema. Hanyar gane gaskiya ita ce ta duba abin da ta kashe a wata shidan da suka wuce, tun ba a yi mata tayi ba, ta yi lissafi a kansa. A lura kuma ko rangwamen yana da iyakar da ba ya wucewa a kowane kira, ko an ɗora kuɗin zuwa da na kayan aiki a gefe, ko kuma a na samun ma'aikaciya a lokacin Diwali da watannin bukukuwan aure na hunturu, sa'ad da kowa ke nema. Harajin gwamnati a kan aikin gidajen kwalliya an sauke shi daga 18 zuwa 5 cikin 100 tun ranar 22 ga Satumba 2025, saboda haka a duba rasit.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun shardanta a babin ijara cewa aiki ya zama sananne, lada sananne, ajali sananne. Bahaushe ya taƙaita shi da cewa ba a cinikin biri a sama. Duk yarjejeniyar da ba ta faɗi abin da zai faru da kuɗin da ya rage ba in mace ta yi ciki, ko ta yi rashin lafiya, ko ta ƙaura zuwa garin da kamfanin ba ya aiki, to, birin yana kan reshe.

Wani tarko kuma shi ne sabuntawa da kanta. Tun 2020 UPI ta ba da damar a riƙa cire kuɗi daga asusu duk wata ba tare da an sake tambaya ba. Babban Bankin Indiya ya wajabta a aiko wa mai asusu da sanarwa aƙalla sa'a 24 kafin a cire, amma tun 2022 abin da bai wuce rupi 15,000 ba yana wucewa ba tare da an nemi lambar tabbatarwa ba. Wadda ba ta karanta saƙo, sai ta shekara tana biyan abin da ta manta da shi. A watan Nuwamba na 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta fitar da jerin dabarun yaudara 13 da ta haramta wa masu ciniki ta intanet, a cikinsu har da tarkon rajista, watau a sauƙaƙa shiga a tsananta fita. Wanda aka zalunta yana da lambar kai ƙara ta ƙasa, 1915.

Fasali na Shida: Haƙƙin Mai Aiki

Akwai mutum na uku a wannan ciniki wanda a kan manta da shi, ita ce matar da ke goyo da jaka. Rangwamen da a ke yi wa mamba daga wani wuri ya ke fitowa. A watan Oktoba na 2021 mata masu gyaran jiki suka taru a ƙofar ofishin Urban Company a Gurugram, suna kukan yawan la'ada da tsananin sharuɗɗa. Kamfanin ya sauke la'ada mafi girma daga 30 zuwa 25 cikin 100. A watan Disamba na shekarar suka sake fitowa, saboda wani sabon tsari da ya nemi su ma su biya kuɗi tun gaba kafin a riƙa tura musu aiki, har zancen ya kai kotu. A 2023 jihar Rajasthan ta yi dokar yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista da asusun jin daɗi.

Wannan ya shafi fatar mai saye kai tsaye. Ma'aikaciyar da a ke auna ta da taurari, wadda ta san in maki ya sauka za a rage mata aiki, da wuya ta ce wa uwar gida, fuskarki ba ta bukatar bilicin yau. Wadda kuma ke gaggawar kai wa gida na biyar kafin magariba, ba za ta tsaya gwada zafin halawa a hannunta ba. Uwar gidan da ta ba ta ruwa, ta biya ta ba ja-in-ja, ta kuma nemi ita ɗin dai a kowane kira, ita ce kan sami aiki irin na wanzamin gado.

Kammalawa

Abin da ya fito daga bayanin nan shi ne, zama mamba yana da amfani ga mace mai lafiyayyar fata, wadda ta riga ta saba da ƙananan ayyuka na kowane wata, kamar gira da halawa da yankan farce da tausar kai, lissafinta kuma ya nuna riba. Yana da amfani ga tsofaffi, da masu jego, da matan da ba su cika fita ba, da gidan da mata suke da yawa in sharaɗi ya yarda su yi tarayya. Bai dace da mai ƙurajen fuska ba, ko mai melasma, ko mai ƙyasbi da makero, ko wadda gashinta ke zuba, ko wadda ta taɓa kumbura da rini. Waɗannan su fara da likitan fata, kuɗin ganinsa sau ɗaya ya fi zama goma na gyaran da zai ƙara ciwo.

Wadda ta yi niyya kuma, ta gwada sau biyu ko uku da biyan kowane aiki a ranarsa, ta ga tsabtar tawul da almakashi, ta tabbata reza sabuwa ce, ta ga yadda fatarta ta kwana. In ta gamsu, ta ɗauki mafi gajeren wa'adi, ta kashe sabuntawa da kanta tun ranar farko, ta ajiye rasit. Fatake masu sayo lalle da mai daga can kuwa, su ma su karanta abin da ke jikin kwali kafin su cika buhu, domin fatar da za ta shafa shi a nan ta fi ta can saurin riƙe tabo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.